Filin Wasan Lorna a Kan Kogi

Tun da Lorna ta dawo daga Arizona, can kudu ƙasar zafi, take jin ƙarar ƙwallon nan a kunnenta. Tana wanke kwanuka ta ji ta, tana tura itace a murhu ta ji ta, ƙwas, ƙwas, kamar ana fasa gyaɗa a ɗakin maƙwabta. Wani lokacin sai ta bar abin da take yi ta tsaya bakin taga tana kallon kogi. Kogin ya daskare fari fat har can inda ido ya gaji, amma ita abin da take gani wani koren fili ne da rana ta kwanta a kansa, da tsofaffi cikin gajerun wanduna suna bin ƙwallo, da mijinta Silas a tsakiyarsu yana dariya.

'Yarsu Renita ce ta ɗauke su zuwa can, suka yi hunturu guda a wurinta don likitoci su duba Silas. Likitocin suka yi ta aune-aune, a ƙarshe suka faɗi abin da duk garinmu ya riga ya sani ba tare da na'ura ba: mantuwa ta kama shi, kuma irin wadda ba ta komawa baya ce. Mutumin da ya san kowace kwana ta kogin nan, wanda yake tuƙa kwale-kwale cikin hazo ba ya taɓa tudun yashi, shi ne yanzu yake ɓata tsakanin gado da ƙofa. Duk wannan Lorna ta iya ɗauka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sunanta da ya faɗi daga bakinsa. In ta miƙa masa shayi sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah," cikin ladabin baƙon da aka sauke jiya.

A unguwar Renita tsofaffi suna wani wasa da safe, fikilbol sunansa. Mutum huɗu ne, biyu nan biyu can, da gajeriyar raga a tsakani, kowa da ɗan mabugi mai faɗi a hannu, ƙwallon kuma ta roba ce mai huji-huji. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, aka damƙa wa Silas mabugi don a cika lissafi. Hannun da ya yi shekara sittin yana riƙe gatari da filafili bai buƙaci dogon bayani ba. Aka jawo Lorna ita ma. Suna cikin yi ne wata safiya ƙwallo ta taho tsakaninsu, sai kawai ta ji muryarsa ta dā, mai kauri, mai ɗan faɗa-faɗa.

"Lorna, taki ce!"

Ƙwallon ta wuce ta gefen kunnenta, ko hannu ba ta ɗaga ba. Bayan wannan ya sake kiranta a filin wasu ranaku, amma da zarar an ajiye mabugi sai ta koma baiwar Allah. Sun dawo gida ne saboda Silas ba ya iya barci inda babu kogi, kuma tun da ƙaramin jirgi ya sauke su bai ƙara ambaton sunanta ba. Abin da take so ke nan a duniya, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba: ta sake jin sunanta a bakinsa kafin mantuwar ta rufe ƙofa gaba ɗaya.

Don haka ta je taron majalisar gari ta ce tana so a gina filin fikilbol. Ba wanda ya yi dariya a gabanta, sai da ta fita. Shugaban majalisa, mutumin kirki ne amma ba ya iya cewa a'a sai ya zagaya da ita gari, ya yi wata guda yana buga waya sannan ya kira ta. Ya ce ai ta san ƙasarmu: a ɗaga gansakuka kaɗan sai a tarar da daskararriyar ƙasa, in aka ɗora mata siminti kai tsaye ta ji ɗumi ta narke, filin ya lotsa ya tsage kafin shekara. Dole a fara jibga tsakuwa har ƙugun mutum. Tsakuwar kuma ba mu da ita, sai jirgin ruwan dakon kaya ya kawo, shi kuwa sau ɗaya yake zuwa a bazara in ruwa ya yarda. Ga siminti, ga injin daddaɓe ƙasa, ga ma'aikatan da za a yi wa kuɗin jirgin sama da abinci. Da ya faɗi jimlar dalolin, Lorna ta tambaye shi ko filin zai zo da likitansa a ciki. Ya ce ko an samu tallafi, bazara biyu za a yi kafin a buga ƙwallon farko.

Ba ta da bazara biyu, ta kuma san haka. Zauren wasanni na makaranta ma babu batunsa, don tun da yara suka ƙare aka rufe makarantar, aka kashe injin ɗumama ta, katakon daɓen ya kumbura ya yi tudu da kwari.

Sai da rana ta fara dawowa, ƙarshen hunturu, lokacin da haske ke daɗewa yana zuba shuɗi-shuɗi a kan dusar ƙanƙara, ta tsaya a tagarta kamar kullum. A ranar ne kogin da koren filin suka haɗu mata wuri guda. Ta daɗe tana kallo. Babu wuri a faɗin ƙasar nan da ya kai bayan kogin nan laushi da daidaito, kuma ba ya neman tsakuwa ko cokali ɗaya.

Ta sa takalmanta ta tafi gidan Hudson, taubashinta, wanda tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba a yi zagi ba. Ta same shi ƙarƙashin babur ɗinsa na ƙanƙara, ƙafafu kawai ake gani.

"Fito, tsohon banza, aiki na kawo maka."

"In na ɗaukar gawarki ne, ki dawo gobe, yau ina da uzuri," ya ce daga ƙarƙashi.

Da ta gaya masa ya fito ya zauna a kan dusar yana kallonta. Ya ce a kan ƙanƙara tsirara za su karye ƙugu su huɗu rana ɗaya, sai dai a shimfiɗa falankai, kuma falankan da za su rufe wannan fili ko kantin gari bai da rabinsu. Ta ce ta san inda suke. Ya gane kafin ta ƙarasa, ya kuma daina wasa.

A tungarsu ta kamun kifi, can sama da gari, akwai ɗakin da Silas ya gina mata shekarar da suka yi aure, ya yi ta ƙara masa faɗi duk lokacin da aka yi haihuwa. Nan suka yi kowace bazara ta rayuwarsu, ita tana feɗe kifin samon tana ratayewa a ɗakin banda, shi yana duba taru. Shekarun nan kifin ya ja baya, hukuma ta hana kamu, tungar ta zama wurin da ake zuwa a zauna a yi shiru. Amma dai ɗakin yana nan, da tsayin Renita da aka yi ta zanawa da wuƙa a jikin bango.

"Za ki rushe masa ɗaki," Hudson ya ce.

"Aro zan yi. Kafin ƙanƙara ta fashe kogi ya tashi mu kwashe, da bazara ka mayar mini yadda yake."

"Ni ne kuma zan mayar."

"Wa nake da shi marar aikin yi in ba kai ba?"

Suka yi ta jigila da amalanken da ake ja a bayan babur. Lorna da kanta ta riƙa zare ƙusoshi, tana tara su a gwangwanin kofi, yatsunta masu ciwon sanyi suna ƙin lanƙwasa. Ranar da suka ɗaga daɓen ta ga ƙasar da ba ta ga rana ba tun tana amarya, da wani cokali da ta yi shekaru tana zargin surukarta da ɗauka. Ta zauna ta yi kuka sosai, Hudson ya tafi duba wani abu a jikin babur da ba abin da ya same shi.

Falankan ba su isa ba, sai mutanen da suka yi mata dariya suka fara kawowa. Wannan ya ciro ƙofar rumbunsa, wancan ya kawo murfin akwatin karnuka. Aka share dusa a gaban gari, aka jera su, aka fasa rami aka ɗebo ruwa aka zuba a gefe-gefe da tsakankaninsu, sanyi ya kama su gam. Haka muke kafa komai a kan kogi, ruwa ne ƙusarmu. Aka ja layuka da ragowar jan fentin kwale-kwale. Raga kuwa, Lorna ta yanko daga tarun Silas, da 'yan tulluwarsa masu hana shi nutsewa har yanzu a jiki. Filin ya fito launi-launi, nan shuɗin bangon ɗaki, can ruwan ƙasa, can wani da hoton kalanda manne a kai. Daga kan gaɓa yana kama da bargon da aka haɗa da ƙyallaye aka shanya.

Hudson ne na uku, ta huɗunsu ita ce Bernice, maƙwabciyar Lorna, mace mai jiki da baki, wadda ta ce ba ta taɓa gudu ba tun da aka haife ta kuma ba za ta fara don ƙwallon roba ba. Ranar farko ƙwallo biyu suka fashe a bugun farko, sanyi ya mayar da robar kamar ɓawon ƙwai. Cikin waɗanda Renita ta aiko saura kaɗan. Bernice ta cusa ɗaya cikin ƙirjinta ta ce nan ne wurin da ya fi ko'ina ɗumi a garin, Hudson ya ce shi ya sa mijinta na biyu ya narke. Suna wannan ne Silas, da ba wanda ya ce masa komai, ya tattara sauran ya zuge rigarsa ta sanyi ya sa su a hammata. Haka yake yi wa filogin inji a dā in za su yi tafiya mai nisa, haka kuma yake yi wa safar hannun Lorna. Daga ranar ya zama shi ne mai ajiyar ƙwallo, yana fito da su ɗaya-ɗaya da ɗuminsu.

Wasan ya karɓe shi. Yana tsayawa a kan shuɗin falanki, numfashinsa yana tashi fari, ya mayar da duk abin da aka aiko masa. Ƙarar takan tafi har ƙetaren kogi ta dawo, sai ka ji kamar akwai wasu mutum huɗu can cikin itatuwa suna nasu wasan. Wasu ranakun rana takan fito da 'yan rakiyarta biyu na haske, ɗaya dama ɗaya hagu, garin ƙanƙara yana yawo a iska yana ƙyalli, Lorna ta rasa ko a farke take. Tsofaffi suka fara saukowa da kujeru da butar shayi da busasshen naman mus, ƙaton naman dajin nan mai ƙaho, suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Silas yana dariya, yana cin abinci, yana barci. Amma in ƙwallo ta taho tsakiya sai ya ce, "Taki ce," ya tsaya nan. Kullum Lorna tana jin gurbin da sunan ya kamata ya zauna.

Ta riƙa dabara. Takan bar tsakiya a buɗe da gangan, takan yi kamar ba ta gani ba, har Bernice ta gane ta koma aiko kowace ƙwallo daidai tsakaninsu. Wata rana leɓɓansa suka haɗu, ya buɗe baki, ya dube ta da wani irin kallo na mai neman abu a aljihu, sai ƙwallon ta faɗi, abin ya wuce. Wannan rabin kiran ne ya cuce ta, don daga ranar ta tabbata gobe ne.

Rana kuwa tana ta ƙara ƙarfi. Dusar kan rufi ta fara ɗiga, bayan kogi ya bar fari ya koma toka-toka, ruwa ya kwanta a bakin gaɓa har sai da aka gitta katako ake takawa. Mutane suka janye baburansu da tarkacensu zuwa tudu. Hudson ya zo ya ce lokaci ya yi, falankan sun kafu sosai, sai an yini ana sara kafin su fita, gobe zai tara maza.

Lorna ta ce a dakata. A garinmu kowa ya tashi da sanin cewa ƙaramin rafin bayan coci shi ke fara buɗewa, sai ya yi kwanaki yana gudu sannan babban kogi ya motsa. Uwarta da wannan take kwashe kayanta, kakarta ma haka, ba a taɓa jin ya saɓa ba. Ta je da safen nan ta duba, rafin yana nan a rufe ruf.

"Rafin bai san abin da ke faruwa can sama inda kogi ya faro ba," Hudson ya ce. "An ce can sun yi sati suna yawo ba riga."

"Kai dai tsoro ne da kai tun kana yaro."

"Lorna, ɗakinki ne fa a kan ruwan nan."

"Na sani. Ka ba ni har rafi ya buɗe."

Ya dube ta, ya dubi Silas da ke zaune a kan gungume yana lallaɓa rigarsa, ya ce to. Shi ma a ransa ya yarda da rafin, duk abin da bakinsa ke faɗa. Da wannan muka girma dukanmu.

Suka ƙara wasa washegari, da ranar da ta biyo. Falankan sun fara yin laushi a ƙafa, ruwa yana tsattsafowa ta tsakaninsu in an taka. Sunan bai zo ba.

Da hantsi ne, tana soya burodi, Silas yana zaune da rigarsa a jiki tun safe yana jiran a tafi, ta ji wani nishi mai zurfi ya taso daga ƙasa, kofuna suka yi ƙara a kan kanta. Karnukan gari suka ɗauka gaba ɗaya. Wani ya wuce da gudu yana cewa kogi ya tashi. Ta sauke kaskon, ta kama hannun Silas, suka fita. A hanya ta waiga bayan coci. Rafin yana nan a rufe, fari tas, ko tsaga babu.

Duk gari yana kan gaɓa, kamar kowace shekara, don ba mai zama a ɗaki ranar da kogi ya tashi. Ruwan da ya narke can sama da gari ne ya taho da ƙarfinsa ya ɗaga ƙanƙarar daga ƙasa. Manyan ɓangarori suna hawa kan juna, suna miƙewa tsaye shuɗaye sannan su kife. Lorna ta jira ta ga filin ya tarwatse, amma bai tarwatse ba. Tsaga ta zagaye shi ta bar shi a tsakiyar wani faffaɗan ɓangare, ɓangaren ya saki gaɓa a hankali, ya juya sau ɗaya, ya kama hanya. Ragar tana tsaye, tulluwarta suna lilo. Kujerar Bernice tana gefe inda ta bar ta, da kofinta a kai. Jajayen layukan sun fito ɗas a cikin rana. Wani hankaka ya sauka a kan sandar raga ya zauna, ya tafi tare da su.

Hudson ya cire hularsa ya mayar. Lorna tana kallon bangon da aka zana tsayin Renita, da daɓen da ta yi shekara arba'in da wani abu tana sharewa, suna wucewa ta gaban coci, ta gaban tankin mai, suna nufar kwanar da Silas ya fi kowa sani. Ba ta ji haushin rafin ba, ba ta ji na Hudson ba. Baƙin ciki ne kawai ya cika ta, mai nauyi, don ta ba da ɗakin kuma ba ta samu abin da ta saya da shi ba.

Silas ya bi filin da ido har ya shige kwana. Fuskarsa a sake take, irin ta mai kallon jirgin wasu yana wucewa. Can ya ce yau 'yan wasan sun yi sammako. Hannunsa ɗaya yana cikin riga, a hammata.

Ta ce masa su koma gida, ya fito da hannun haka nan, babu wasa yau. Ya girgiza kai. Ta ce ya kawo ƙwallon ta ajiye masa a ɗaki, ya ja da baya kaɗan, cikin ladabi amma ba da wasa ba.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, ba tawa ba ce. Ta Lorna ce."

Ƙarar kogin ta yi nisa a kunnenta. Ta tsaya tana kallonsa.

"Matata," ya ce, don ya ga kamar ba ta gane ba. "Hannunta ba ya son sanyi. In ƙwallon ta yi sanyi yatsunta ciwo suke, amma ba za ta faɗa ba. Haka take."

"Haka take?" Lorna ta ce da ƙyar.

"Tun tana yarinya."

Ya dubi hanyar gari ko zai hango ta tana tahowa, sannan idonsa ya sauka a kan hannayen matar da ke gabansa. Ta fito ba safa, garin burodi yana nan a yatsunta, sun yi ja sun kumbura. Ya ɗan ɓata fuska. Ya zuge rigarsa ya fito da ƙwallon, ya buɗe tafinta ya sa, ya naɗe yatsunta a kai ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da nasa hannun.

"Riƙe mata kafin ta zo," ya ce. "Ba za ta ji haushi ba."

Lorna ta riƙe. Ƙwallon da ɗuminta, har cikin hujojin.